Ba Tsufa ke Karya Rufin Rumbu ba

Duk wanda ya ratsa karkarar arewa maso gabashin Amurka, ko jihohin tsakiya irin su Ohayo da Wiskonsin, zai riƙa ganin manyan rumbunan katako a bakin hanya, wasu jajaye, wasu rana da ruwa sun mai da su toka-toka. Gine-gine ne da keken doki ke shiga cikinsu da lodinsa, shanu a ƙasa, ingirici da hatsi a sama, tsawon wasu ya kai mita 20 ko 30. Ƙidayar gonaki da gwamnatin Amurka ta yi a 2007 ta samu gonaki fiye da 660,000 masu rumbun da aka gina kafin 1960. Da yawa daga cikin waɗannan rumbuna doron rufinsu ya lotsa a tsakiya, bangayensu sun buɗe, wasu ma sun riga sun durƙusa. In aka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce tsufa: katako ya gaji, kwanansa ya ƙare. Ni dai ina ganin amsar nan ba daidai ba ce, kuma kuskure ne mai tsada, domin wanda ya yarda cewa tsufa ne ba zai tashi neman magani ba. Rufin rumbu yana karyewa ne in an katse hanyar da nauyinsa ke bi zuwa ƙasa, masu katse ta kuwa sanannu ne: zarto, da ruwa, da ƙasar da ke motsi a ƙarƙashin ginin.

Shaida ta farko tana Ingila. A Cressing Temple, cikin lardin Essex, akwai rumbun sha'ir da aka sare itatuwansa tun farkon ƙarni na 13, kuma har yau yana tsaye da rufinsa, kusa da rumbun alkama da ya biyo bayansa a cikin ƙarnin. Rumbun Great Coxwell, wanda sufayen Kirista na Beaulieu suka gina wajen 1292, yana nan da ginshiƙansa na itacen ok. Na Harmondsworth, da ke dab da filin jirgin saman Heathrow, an ɗaga shi wajen 1426, tsawonsa ya kusa mita 60, kuma mafi yawan katakon da ke cikinsa na asali ne. Da shekaru ne ke cin katako, da waɗannan sun zama gari tun kafin a kafa rumbu ko ɗaya a Amurka. Mai gardama zai ce ai waɗannan zaɓaɓɓu ne: dubban irinsu sun faɗi, mu kuma muna nuna 'yan ƙalilan da suka tsira muna kafa hujja da su. Gaskiya ne, sai dai a tambayi abin da ya raba waɗanda suka tsira da waɗanda suka faɗi. Ba wani itace na daban aka yi su da shi ba. Suna da masu su da ke buƙatarsu kowace kaka, ana maye fallen rufin da ya zame, ana canja katakon da ya ruɓe, ruwa bai taɓa samun shekaru yana kwana a cikinsu ba. Masu binciken katako sun daɗe da tabbatar da cewa fumfunar da ke ruɓar da itace ba ta iya aiki in damshin da ke jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Katakon da ya zauna a bushe, babu ƙwaro a cikinsa, ƙarfinsa bayan ɗaruruwan shekaru bai yi nisa da na ranar da aka fafe shi ba.

Kafin a gane yadda rufi ke lalacewa sai an gane yadda yake tsayawa. A jingina katako biyu, kan wannan a kan wancan, gindinsu a ware: nauyin da ke bisansu ba ƙasa kawai yake danna su ba, yana kuma tura gindinsu waje. Raftocin rufi haka suke, kullum suna neman buɗe bangayen da suke zaune a kai. Abin da ke hana su shi ne katako na uku da ke kwance daga wannan bango zuwa wancan, ya ɗaure gindin biyu, ya rufe alwatika. Wannan katakon ɗauri shi ne ran tsaikon, kuma aikinsa ja ne, ba ɗaukar kaya ba. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki rufi mai faɗin mita 10, tsayin doronsa daga saman bango mita 5, nauyin da ke kan raftoci biyu tan 4: kowane bango zai ji turi na tan 1. In doron ya kasance mita 2 da rabi kawai, da wannan nauyin dai, turin ya zama tan 2. Wato duk lokacin da rufi ya ƙara kwanciya, turin yana ƙaruwa. A nan ne sharrin yake: bango ya ɗan buɗe, doro ya ɗan sauka, doro ya sauka, turi ya ƙaru, turi ya ƙaru, bango ya ƙara buɗewa. Shi ya sa rumbu kan yi shekara hamsin yana lotsawa a hankali, sannan ya ƙarasa cikin dare ɗaya. Manyan rumbuna suna da ginshiƙai na ciki da katakan tsaye da ke tallafe raftoci a tsakiyarsu, abin da ke rage turin ƙwarai, amma ba ya kawar da shi, kuma su ma waɗannan matallafan suna dogara ne ga katakan da ke kwance a ƙarƙashinsu.

Wani zai ce kafintocin dā ba su da lissafin injiniya, da ido da gado suke aiki, saboda haka ba mamaki in aikinsu yana da aibi tun asali. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata son tsohon abu ya sa a ɓoye ta ba. Itace yana da ƙarfin ja sosai ta tsawonsa, amma mahaɗarsa ba ta da shi. Yadda suke haɗa katako shi ne a fafe rami a jikin ɗaya, a sassaƙa harshe a bakin ɗayan, a zura, a kafe da ƙusar itace. Irin wannan mahaɗa tana son a danna ta. In ana janta kuwa, duk ƙarfin yana komawa kan ƙusa ɗaya ko biyu da ɗan guntun itacen da ya rage a bayan ramin ƙusar, kuma wannan guntun ne ke fara ɓallewa. Ga shi kuma da ɗanyen itace suke gini, saboda ya fi daɗin sassaƙa, shi kuwa itace in ya bushe yana raguwa sosai a faɗinsa amma kusan ba ya raguwa a tsawonsa. Kafintocin Ingila sun saba zaunar da katakon ɗauri bisa katakon saman bango da wani yanka mai faɗin baki, wanda ba ya zamewa muddin ya cika raminsa. Da ya bushe ya ƙanƙance sai ya samu ɗan filin zamewa, turin ya koma kan ƙoƙon ginshiƙi, ya tsaga shi. A Amurka, a ƙarni na 19, aka yawaita sauko da katakon ɗauri ƙasa da saman ginshiƙi, domin ya fi sauƙin yi. Sakamakon haka raftoci na tura kan ginshiƙin waje daga sama, ɗauri na riƙe shi daga ƙasa, ɗan tsakanin ya zama abin lanƙwasawa, kuma daidai wurin da aka fafe rami aka raunana shi nan yake tsagewa. To amma a dubi rumbunan da zuriyar mutanen Holan suka gina a kwarin kogunan Hudson da Mohawk na jihar Niyok: harshen babban katakonsu na tsakiya yakan ratsa ginshiƙi ya fito ta baya da tsawo, a kafe shi da ƙusoshi har da weji. Mutanen da suka yi haka sun san inda ja yake. Aibin da ke cikin wasu tsare-tsaren gaskiya ne, amma aibi ne da ke da wurin zama sananne, ana iya zuwa a dube shi a ƙarfafa shi. Kuma yawancin waɗannan mahaɗu sun riƙe shekara ɗari ko fiye kafin wani abu ya zo ya ƙara musu kaya.

Abin da ya fi ƙara musu kayan shi ne hannun mai rumbun kansa. A 1867 wani manomi a Fairfield ta jihar Ayowa, William Louden, ya yi rajistar wata na'urar ɗaga ingirici, kuma cikin 'yan shekarun da suka biyo baya irin waɗannan na'urori suka bazu. Ana kafa dogon layi a ƙarƙashin doron rufi, doki ya ja igiya, babban cokalin ƙarfe ya ɗauki ingirici daga keke ya bi layin har ƙarshen rumbu. Aikin da ke cin ƙarfin mutum huɗu ya koma na yaro da doki. Matsala ɗaya ce: katakan ɗauri da ke gicciye a sama suna tare wa lodin hanya. Sai manoma da yawa suka ɗauko zarto suka yanke su. Rumbun bai faɗi a ranar ba, bai faɗi a shekarar ba, sai kowa ya ɗauka katakon dama na ado ne. Haka aka sake yi da tarakta ta zo: ginshiƙin da ya tsaya a hanya aka cire, 'yan gajerun katakan da ke tokare kusurwa tsakanin ginshiƙi da katakon kwance aka ƙwanƙwashe su saboda suna bugun kai ko suna hana juya mota. Waɗannan 'yan tokare su ne ke hana ginin karkacewa in iska ta buge shi daga gefe. Da kamfanin Vermeer, shi ma a Ayowa, ya fito da injin naɗe ciyawa manya-manyan dunƙule a farkon shekarun 1970, sai saman rumbu ya rasa aikin yi gaba ɗaya, ko kuma a faɗaɗa ƙofa a yanke katakon gindi don a shigar da dunƙulen. Ba na ganin adalci ne a zagi waɗannan manoma. Rumbu wurin aiki ne, kuma wanda ke tseren shigar da ciyawa kafin hadari ba ya tunanin jikokinsa. Amma in aka shiga rumbun da ya lotsa aka ɗaga kai, sau da yawa za a ga ramukan mahaɗa a buɗe babu komai a ciki, ko kututturen katako da sawun zarto a bakinsa. Wannan ba aikin shekaru ba ne.

Ruwa kuwa ba ya buƙatar zarto. Fallen rufi ɗaya ya zame, ko kwano ya ɗaga a bakin ƙusa, ruwan ya bi rafta ya gangaro, ba ya tsayawa sai inda ya samu wurin kwanciya. Wurin kwanciyar kuwa shi ne mahaɗa: gindin rafta inda ya zauna a kan katakon saman bango, ramin da ke kan ginshiƙi, bakin katakon ɗauri. Wato ruwa yana taruwa daidai inda duk ƙarfin tsaikon ya haɗu, kuma inda bakin itace ke buɗe yana shan ruwa fiye da jikinsa nesa ba kusa ba. Ruɓar tana farawa daga ciki. Ana iya ganin katako mai kaurin taƙi guda, fuskarsa lafiya lau, a caka masa sukundireba ta sama ta nutse har mariƙi. A Ingila akwai wani ƙwaro mai huda tsohon itacen ok, wanda ke ƙwanƙwasa kansa a jikin katako lokacin bazara har a ji shi cikin dare. Tsutsarsa ta fi samun shiga inda fumfuna ta riga ta tausasa itacen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa fesa magani ba tare da toshe yoyon ba ɓarnar kuɗi ce. Daga ƙasa ma damshi na tasowa: numfashin shanu da tururin taki a lokacin sanyi suna hawa su taru a ƙarƙashin kwano mai sanyi, su ɗigo kan katako. Maginanmu na soro sun san wannan doka tun dā, su da ke duba indararo da sabunta yaɓe kafin damina, domin sun san azara ba ta mutuwa sai ruwa ya kwana a kanta. Harmondsworth kansa ya kusa zama misali. Bayan an daina aikin gona da shi a shekarun 1970 ya yi ta sauya hannu, har ya faɗa hannun masu shi da ba su kula da shi ba, rufi ya fara yoyo, sai da hukumar English Heritage ta shiga ta yi gyaran gaggawa, daga baya ta saye shi a ƙarshen 2011 kan fam 20,000. Shekara ɗari biyar da hamsin na aiki ba su yi masa abin da 'yan shekarun sakaci suka so yi masa ba.

Na ukun shi ne ƙasa, kuma shi ya fi ruɗar mutane, domin ciwon yana gindi amma a ka yake nunawa. Rumbunan Amurka da yawa suna zaune ne a kan jeren duwatsu marasa zurfi. A ƙasashen sanyi, ruwan da ke cikin ƙasa yana daskarewa ya kumbura ya ɗaga dutse, in ya narke ya sauke shi ba daidai inda yake ba. Katakon gindi, wanda duk ginshiƙai ke tsaye a kansa, shi ya fi kusa da laima da taki, shi ke fara ruɓewa. Ginshiƙi ɗaya ya nutse da faɗin tafin hannu, sai katakon saman bango ya bi shi, raftoci su bi katakon, doro ya lotsa. Mai rumbu ya ɗaga kai ya ga doro, ya kira mai rufi, a ƙara katako a sama, a buga sabon kwano, alhali an ƙara wa gindin da ke nutsewa nauyi ne kawai.

Daga nan za a ga cewa abin da ido ya fara gani ba shi ne abin tsoro ba. Dogayen tsagogin da ke bin tsawon katako, waɗanda ke firgita baƙo, yawancinsu na bushewa ne, sun fito tun shekarun farko na ginin kuma ba su rage masa wani ƙarfi na a zo a gani ba. Lanƙwasar katako ma ba lallai alamar karyewa ba ce: itacen da ya daɗe ɗauke da kaya yana ci gaba da sunkuyawa sannu a hankali, musamman in ɗanye aka ɗora shi, har ya ninka sunkuyawar farko ko fiye, ya kuma ƙame a haka. Abin da ya kamata ya hana mutum barci daban ne: tsaga da ta gicciye jijiyar itace, tsaga da ta ratsa ramin ƙusa a mahaɗa, harshen da ya zaro daga raminsa har ana ganin farin itacen da rana ba ta taɓa gani ba, garin katako sabo a ƙasa, tabon ruwa baƙi a ƙarƙashin mahaɗa. Babbar tambaya ita ce ko ginin yana motsi yanzu ko kuwa ya motsa tun zamanin kakanni ya tsaya. Amsarta ba ta buƙatar na'ura mai tsada: a rataya igiya mai nauyi a jikin ginshiƙi a auna karkatarsa, a auna faɗin rumbun a saman bango da kuma a gindi, a yi alama a bakin mahaɗa a rubuta kwanan wata, a dawo bayan hunturu a sake aunawa.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen, masu cewa rumbun da ya tsaya shekara 150 ya riga ya ci jarrabawa, a bar shi kawai. Wannan magana tana da daɗin ji, kuma tana kama da abin da nake faɗa, amma ba ita ba ce. Shekarun da gini ya yi suna shaida ne a kan ginin da ya yi su, ba a kan wanda ya rage bayan an yanke ɗauri biyu, mahaɗa uku sun ruɓe ba. Kayan da ke kansa ma ba na dā ba ne. Rufin da aka tsara don fallayen katako marasa nauyi, wani ya zo ya ɗora masa fallen dutse, ko ya shimfiɗa sabon rufin kwalta bisa tsoho har hawa biyu ko uku. Sannan ga dusar ƙanƙara. Sabuwar zuba, kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi ba ta wuce kilo 100 ba, amma in ta daddanne ta sha ruwan sama takan ninka haka sau uku ko huɗu. Rabin mita na irin wannan jiƙaƙƙiyar a kan rufi mai mita 10 da mita 20 ya kai tan 30 zuwa 40, kuma iska takan tara ta a gefe ɗaya, abin da tsaiko ya fi ƙi. A hunturun 2010 zuwa 2011 an ga haka a jihar Connecticut da maƙwabtanta, inda ƙanƙara ta yi ta zuba ba ta narkewa, gine-ginen gona da yawa suka rufta, wasu a kan dabbobi. Ba kowace shekara ake irin wannan hunturu ba. Rumbun da aka raunana a 1950 yana iya jiran nasa har shekara sittin.

To me zai hana a rushe tsohon a kafa na zamani, wanda injiniya ya lissafa? Sau da yawa hakan ne ya fi dacewa da aikin gonar yau, kuma ba na musun haka. Abin da nake musu shi ne zaton cewa sabon tsaiko ya kuɓuta daga dokar da ta kama tsohon. Tun shekarun 1950 aka fara haɗa tsaiko a masana'anta da siraran katakai, ana manne mahaɗunsu da fallayen ƙarfe masu haƙora. Suna da arha, suna ketare fili mai faɗi ba ginshiƙi, amma ba su da rarar ƙarfi irin ta tsofaffin katakai masu kauri. A rumbun dabbobi, damshi da iskar fitsari suna cin fallayen nan da tsatsa. Siraran katakan da ke tsakiyar tsaikon kuma, waɗanda ake dannawa, suna gocewa gefe in ba a ɗaure su da juna ba. A ƙa'idar lissafi, siririn katako in aka riƙe shi a tsakiya, nauyin da zai ɗauka kafin ya goce yana iya ninkuwa har huɗu, kuma wannan ɗaurin ne magina ke yawan mantawa ko su rage don sauri. In guda ya goce, kayansa sun koma kan na kusa da shi, sai su bi juna a jere. A cikin gine-ginen da ƙanƙara ke kayarwa akwai waɗanda ba su kai shekara arba'in ba. Tsohon rumbu mai manyan katakai aƙalla yana yin gargaɗi, ya yi shekaru yana nishi yana karkata kafin ya tafi.

Wajen gyara ma akwai jayayya, tsakanin masu cewa katako sai da katako da masu cewa a sa ƙarfe a huta. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine da William Morris ya kafa a Ingila a 1877 ta tsaya a kan cewa a gyara abin da ya lalace kawai, a bar sauran yadda yake. A aikace hakan na nufin a yanke ruɓaɓɓen bakin katako, a sassaƙa sabon guntu na irin itacen, a haɗa su da dogon yanka mai kulle kansa, maimakon a jefar da katako mai mita 8 saboda rabin mita. Ina tare da wannan ra'ayi, amma ban ga dalilin ƙyamar ƙarfe ba inda aikin ja ne, tunda nan ne mahaɗar itace ta fi rauni. Sandar ƙarfe ko igiyar ƙarfe da aka ɗaura daga bango zuwa bango, daidai inda aka yanke katakon ɗauri, tana mayar da alwatikar da kuɗi kaɗan, kuma maƙeran dā ma sun riƙa ɗaure mahaɗu da ƙarfe. Sharaɗin shi ne a san halinsa. Itacen ok yana da wani tsami da ke cin baƙin ƙarfe in akwai laima, don haka sai wanda ba ya tsatsa. Noti ɗaya a bakin katako yana iya tsaga shi, sai an raba ƙarfin a kan faffaɗan falle. Zuba siminti a kewaye gindin ginshiƙi kuwa, wanda mutane ke ɗauka ƙarfafawa ce, tarkon ruwa ne da ke ruɓar da shi cikin 'yan shekaru. Tsarin aikin ma ba a juya shi: a fara tokare ginin don kada ya faɗo wa masu aiki, a toshe yoyo ko da da tamfol ne, a gyara gindi a daidaita ginshiƙai da jak, sannan a jawo bangaye, rufi ya zo ƙarshe. Jawowar kuma sannu-sannu ake yi, a ɗan ƙara ɗaurin igiya a bar ginin ya zauna kwanaki kafin a ƙara. Katakon da ya yi shekara tamanin a lanƙwashe ba zai miƙe sarai ba, wanda ya matsa masa a yini ɗaya zai karya mahaɗun da suka rage lafiya. Gwanin kafinta yakan tsaya inda itacen ya tsaya, ya bar doron da ɗan lotsawarsa.

Saura maganar kuɗi, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu rushewa. Manomin da farashin madara ya karye masa ba zai kashe abin da ba shi da shi a kan ginin da ba ya shigar masa da ko sisi ba. Shirin BARN AGAIN! da ƙungiyar adana wuraren tarihi ta Amurka ta fara a 1987 tare da mujallar Successful Farming ya gane haka, shi ya sa bai tsaya kan roƙon mutane su ji tausayin tarihi ba, ya koma nuna musu yadda za a mai da tsohon rumbu wurin ajiye injuna, ko na hatsi, ko na kiwo irin na yau ba tare da an kashe tsaikonsa ba: in dole a cire katakon ɗauri don babbar mota ta shiga, injiniya ya fara samar wa turin wata hanya kafin zarto ya taɓa shi. Akwai rumbunan da suka wuce ceto, waɗanda ruɓa ta cinye katakon saman bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma shiga irinsu ma ganganci ne, balle hawa kansu a kwashe ƙanƙara. Irin waɗannan a sauke su da tsari, a tsira da katakan da suka rage. Sai dai kasuwar tsohon katako ta yi ƙarfi a Amurka, ana sayensa da tsada don daɓen gidaje da adon gidajen abinci, saboda haka wanda ya zo ya ce wa manomi rumbunsa ya mutu, sau da yawa shi ne mai son sayen gawar. Kafin a karɓi hukuncinsa, ya kamata a kira kafintan da ya san irin wannan gini, ko injiniyan da ba ya sayen katako, ya hau da tocila da sukundireba ya bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga nawa ne suka ruɓe, nawa aka yanke, nawa ke nan daram.